Tsofaffin wuƙaƙen askin bishiya: a yi aiki da su ko a adana?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Kawuna ya rasu ya bar mini wuƙaƙen lambu guda uku, duk masu naɗewa, bakinsu a lanƙwashe kamar na aku. Ta farko ƙotarta ƙaho ce, an buga Sheffield a gindin ruwanta, ruwan ya yi baƙi. Ta biyu ƙotar katako ce da ita, da wani zoben ƙarfe a wuya. Ta ukun ƙotarta kamar roba mai ruwan zuma, tana wani wari mai tsami, kuma ta yi tsatsa. Ina sha'awar tara irinsu, ina kuma so in riƙa aiki da su. In kai su a goge a wasa mini a inji? Kuma me wuƙa za ta yi mini wanda almakashin lambu bai yi ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kawu, ya kai haske kabarinsa.

Kada ka kai ko ɗaya wajen mai inji. Ta ukun nan kuma mai wari, kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa tashi ka raba ta da 'yan'uwanta, ka ajiye ta ita kaɗai a inda iska ke shiga, nesa da wuta. Zan zo kan dalili.

Na daɗe ina jujjuya irin waɗannan wuƙaƙe, kuma abin da na lura da shi shi ne ba aiki ke kashe tsohuwar wuƙa ba, gyara ne. Wuƙar da ta shekara hamsin a aljihun mai lambu sai ka same ta da sauran ƙarfinta. Ta shiga hannun mai son ya ga tana walƙiya, cikin minti biyar ya gama da ita.

Wannan lanƙwasar da kake gani ba ado ba ce. In ka ɗora miƙaƙƙiyar wuƙa a kan ɗanyen reshe ka ja, reshen zai zame ya bi kaifin har ya kuɓuce ta tsini, wuƙar kuma ta wuce inda ba ka aike ta ba. Mai bakin aku kuwa rungumar reshen take yi, yana ƙoƙarin gudu ƙugiyar tana mayar da shi cikin kaifi. Irin dabarar lauje ce aka ƙanƙanta. Tsohuwar siffa ce ƙwarai, domin tun ƙarni na 1 Columella, marubucin Rumawa kan harkar noma, ya siffanta wuƙar askin inabi mai lanƙwasa gaɓa-gaɓa. Tasu dai ba ta naɗewa. Naɗewa da sifirin a bayan ƙota, wato ɗan ƙarfen da ke danne gindin ruwa ya riƙe shi a buɗe ko a rufe, ta bazu ne a Turai daga ƙarni na 17, sai kowace ƙasa ta raɗa mata suna: Faransawa serpette, Jamusawa Hippe. Garuruwan maƙeran da za ka yi ta cin karo da sunayensu su ne Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus, Thiers a Faransa da Maniago a Italiya.

Mutane kan tsorata in sun ga yawancinsu ba su da makulli. Ai yankan ja ake yi da su, kuma ja yana ƙara tura ruwan ya buɗe ne, ba ya rufe ba. Wuƙar ba ta naɗewa a yatsun mutum sai in ya soka tsinin a wani abu, ko ya murɗa ta a cikin itace, ko ya yi ɓamɓare da ita. Duk ukun ba aikinta ba ne.

Batun almakashi, gaskiya ɗaya ce: ya ci kasuwa, kuma ya cancanta. A Faransa aka ƙirƙiro shi farkon ƙarni na 19, ana danganta shi ga Bertrand de Molleville, kuma masu lambun lokacin sun daɗe suna ƙyamarsa, suna cewa yana murƙushe reshe. Suna da 'yar gaskiya. Almakashi ruwa ɗaya ne mai kaifi, ɗaya ɓangaren tokara kawai yake yi, inda ya tokare kuwa ɓawo kan ɗan dauje. Wuƙa babu abin da ke taɓa itacen sai kaifi. Amma in kana da kurangar inabi ɗari da za ka aske kafin rana ta faɗi, ɗauki almakashi, bishiya za ta warke lafiya lau, wuyan hannunka kuma zai gode maka. Ni kaina haka nake yi.

Wuƙa tana nuna kanta ne a ƙananan ayyuka masu son tsabta. Yanko reshen da za a dasa ya yi saiwa, cire 'ya'yan tsiro da ke fitowa a gindi ko ƙasa da wurin aure (inda aka haɗa reshen wata bishiya da gindin wata), ƙwaƙule ɓawon da ciwo ya ci har a kai ga lafiyayyen jiki, yanke igiyar da aka ɗaure aure da ita kafin ta shaƙe reshe, tsinkar nonon inabi. Sai wanda na fi so: bayan ka yanke babban reshe da zarto, bakin ciwon yakan yi gatsa-gatsa, ɓawon ya tattashi. Ka bi da'irar da wuƙa ka share ta sumul, domin daga wannan bakin ne sabon nama ke tasowa ya rufe ciwon. Sai dai sharewa na ce, ba fafewa ba. Ɗan kumburin nan da ke gindin reshe, inda ya haɗu da jikin bishiya, a bar shi. Binciken Alex Shigo, masanin itatuwa na Amurka, shi ya nuna cewa yankan da ya shafe wannan kumburi yana buɗe wa ruɓa ƙofa, kuma fentin da ake shafa wa ciwo ba ya hana ta.

Ga yadda ake yankan. Reshen kada ya wuce kaurin ɗan yatsanka, mafi daɗi ma kaurin fensir. Hannun hagu ya riƙe reshen a ƙasa da inda za ka yanka, a ƙasa fa, ba a sama ba, ta yadda wuƙa in ta fita ba za ta tarar da nama ba. Ka zaɓi idon da kake so sabon toho ya fito daga gare shi, wanda ke kallon waje. Ka ɗora kaifi a bayan reshen daidai gindin idon, ka ɗan tanƙwara reshen kaɗan yadda ɓangaren da wuƙa za ta shiga zai ɗame, sannan ka ja sama a karkace, ja ɗaya, ta fito kamar milimita 5 a saman idon. Gwiwar hannunka tana manne da haƙarƙari, ƙarfin daga kafaɗa yake zuwa ba daga wuyan hannu ba. Kuma kada ka danna kaifin a wuri guda kamar mai sara. Bar shi ya zame daga gindin ruwa zuwa ƙugiya yana shiga. In ya yi daidai za ka ji wani ɗan "tsit", ka duba wurin ka gan shi fari fes, da laima, ba zare ko ɗaya. In sai da ka ja sau uku, to ko dai wuƙar ta dakushe ko reshen ya fi ƙarfinta.

Za ka ga tsofaffin hannu suna tokare reshe da babban yatsa su jawo wuƙa zuwa gare shi kamar masu feraye. Sun iya ne, kuma yawancinsu suna da tabon da ya koya musu. Nawa yana nan a yatsan dama. Kada ka fara da wannan.

In kana ratsa bishiyoyin da kake zargin akwai mai ciwo a cikinsu, goge ruwan da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 tsakanin wannan da waccan, domin kaifi yana ɗaukar cuta ya kai gaba. Bilic, ruwan nan na wanke farin kaya, shi ma yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana cin ƙarfe, ban yarda ya kusanci tsohuwar wuƙa ba.

Yanzu wasawa, inda aka fi yin ɓarna. Kaifin wannan wuƙa a cikin lanƙwasa yake, shi ya sa shimfiɗaɗɗen dutse ba ya kai wa cikinsa. Gindi da tsini kawai yake taɓawa, mutum ya yi ta gurzawa har ya cinye ƙugiyar, wuƙa ta koma wani abu tsakanin wuƙa da lauje, ba ta zama ko ɗaya ba. Abin da ake bukata shi ne mawashi mai zagayayyen gefe. In babu, samo sanda mai kaurin babban yatsa, ka naɗe ta da sanfefar ƙarfe, ka fara da mai lamba 400, ka koma 800, ka ƙare da 1200. Wuƙa tana tsaye a hannu ɗaya, sandar ce ke tafiya, daga gindi zuwa tsini, a karkace kamar digiri 20. Dabarar da ke hana kuskure: shafa wa bakin kaifin baƙar tawadar alƙalamin maka kafin ka fara. Inda tawadar ta goge, nan dutsenka ke ci. In ta goge a can sama ta bar bakin, ka kwantar da yawa, ɗaga kaɗan. Ka ci gaba har sai ka shafa ɗaya gefen da farce ka ji wata siririyar ƙaya ta taso tun daga gindi har tsini. Sannan ka juya ka kwantar da ita da shafa biyu ko uku marasa nauyi, ka ƙarasa a kan tsohuwar fata, kana jan wuƙar baya-baya.

Kafin ka fara, duba ko gefe ɗaya aka fere ruwan ko biyu. Da yawa daga cikin wuƙaƙen lambu, musamman na aure, gefe ɗaya ne, bayansu a shafe yake, shi ya sa ake da ta dama da ta bahago. Irin wannan ba a yi wa bayanta komai sai cire ƙayar nan, a kwance shamɓal a kan dutse. Wanda ya fere bayan ya sauya mata hali gaba ɗaya.

Me ya sa nake ƙin inji? Dalili biyu. Yana cin ƙarfe da sauri fiye da yadda ido ke bi, kuma yana zafafa bakin kaifi. Ƙarfen wuƙa sai da aka gasa shi aka tsoma aka sake ɗumama shi daidai gwargwado kafin ya samu taurinsa. Da zarar ka ga bakin ya yi ruwan shuɗi a kan inji, zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, taurin wurin ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin duka. Farkon shigata wannan sha'awa na kai wata mai ƙotar ƙaho wajen wani mai inji, na ce ya ɗan haska mini ita. Ya haska ta kuwa. Ya miƙo mini tana ɗaukar ido, tambarin maƙerin ya zama inuwa, harafi uku kawai ake iya karantawa, tsinin ya yi shuɗi, ƙugiyar ta ragu da kusan rabi. Gyaran gangar Auzinawa. Laifina ne ba nasa ba, abin da na roƙa ya ba ni. Tana nan a akwatina har yau, ina yanka igiya da ita.

Baƙin da ka ce ta farkon ta yi, ba datti ba ne. Ƙarfe mai kabon haka yake idan ya sha ruwan itace, yakan yi toka-toka ko baƙi-baƙi, kuma wannan rufin yana ɗan kare shi. Abokin gaba shi ne jar tsatsa mai gari, mai tono rami. Ita ake cirewa, a hankali: ɗiga man keken ɗinki, bar shi ya kwana, ka kankare da gefen tagulla ko tsinken katako, ka goge da tsumma. Gaɓar kuma ka ɗiga mata mai, ka buɗe ka rufe har baƙin ruwa ya daina fitowa. Man girki kada ya shiga gaɓa, daskarewa yake ya zama danƙo.

Shekarunta kuwa a gindin ruwa ake karanta su, da gilashin ƙara girma da haske daga gefe. Sunan maƙeri ne farko. A Sheffield, Saynor sun yi suna musamman a wuƙaƙen lambu. Joseph Rodgers & Sons alamarsu tauraro ne da gicciyen Malta, George Wostenholm kuma I*XL. In ka ga V da R da kambi a tsakaninsu, zamanin Sarauniya Biktoriya ke nan, 1837 zuwa 1901. Sai kalmar England. Dokar harajin McKinley ta Amurka ta 1890 ta wajabta a buga sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa can, don haka wuƙar da ke ɗauke da England galibi daga 1891 ne zuwa sama. Amma a nan mutane ke ruɗin kansu: rashin kalmar ba hujja ba ce cewa ta girmi 1891, tunda wadda aka ƙera don kasuwar cikin gida ba dole ta ɗauke ta ba. In kuma an rubuta Stainless, ko Inox, ko Rostfrei, to magana ta ƙare, domin sai a 1913 Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya zama ruwan dare a wuƙaƙen aljihu.

Bayan tambari, sai ka saurari wuƙar. Buɗe ta a hankali. Lafiyayya takan tafi sumul, ta faɗa wurinta da ƙara "ƙas", haka ma wajen rufewa. Riƙe ƙota ka girgiza ruwan hagu da dama. In yana lilo, ƙusar gaɓa ta saki. Rufe ta ka shafa yatsa a kan ƙota: in tsini ya leƙo waje, alamar an ci ruwan da yawa ne, kuma zai yaga maka aljihu ko yatsa. Wannan yana gyaruwa, akwai 'yar dunduniya a gindin ruwa wadda ke tokare shi in an rufe, a rage ta da magagari kaɗan-kaɗan har tsinin ya nutse. Ga wuƙar aiki ke nan. Ga ta ajiya, a bar ta yadda take. Ka kuma kwatanta tsufan sassan. Ƙota ta sha jiki amma ruwa sabo fil, ko tambari mai kaifin baki a kan ƙarfen da ko'ina ya side, to an sauya ruwa ko an buga tambarin daga baya. Ana yi, kuma masu yi sun ƙware.

Ta biyun, mai zobe a wuya, da alama Opinel ce ko mai kwaikwayonta. Duba ruwan, in ka ga hoton hannu da kambi a samansa, ita ce. Joseph Opinel ya fara ƙera su a 1890 a yankin Savoie na Faransa, hannu mai kambin ya zo a 1909, zoben da ake murɗawa ya kulle ruwa kuma sai a 1955. Saboda haka in zoben naka yana juyawa, ba ta girmi 1955 ba. Ba ta da sifirin, katakon ne ke matse ruwan, shi ya sa in ta sha laima takan kumbura ta ƙi buɗuwa. Kada ka sa mata ƙarfi da farce. Riƙe ta ta wuya ka buga ƙarshen ƙotar a kan katako, ruwan zai leƙo da kansa. Wannan ita ce wuƙar aikinka. An yi su da yawan gaske, ba asara in ta ƙare, kuma a kanta ya kamata ka koyi wasawa kafin ka taɓa ta Sheffield.

Mu dawo kan ta uku. Abin da ka siffanta ya yi kama da seluloyid, tsohuwar roba da ake yi da auduga mai sinadarin naitiret da kafur, wadda aka riƙa kwaikwayon ƙaho da hauren giwa da ƙoƙon kunkuru da ita. In ta tsufa wani lokaci takan fara ruɓewa, ta tsuke, ta tsattsage, tana fitar da iska mai asid. Iskar ce ke cin ruwan wuƙar, shi ya sa tsatsar kan fi yawa a ɓangaren da ke leƙowa daga ƙota in an rufe. Ba ta tsaya kan kanta ba, duk ƙarfen da ke akwati ɗaya da ita sai ta shafa masa. Ga shi kuma tana kama wuta kamar fetur. Ba ta da magani, mai ko kakin zuma ba sa tsayar da ita. In ruwan yana da sauran amfani, a cire ƙotar a sa ta katako, ka samu wuƙar aiki ta biyu. Na san abin kawu ne, da wuya a taɓa, amma in ka bar ta haka wata rana garin tsatsa za ka tarar.

Ta ƙahon nan ita ce ta ajiya, aƙalla har ka gama karanta tambarinta. Ba na cewa kada ta taɓa ganin reshe. Ni ina fitar da nawa lokaci-lokaci in yi 'yan yanka da su, in goge, in mayar. Abin da ba na yi shi ne wasa su kowane mako. Ƙaho yana bushewa ya tsage, ka riƙa shafa masa ɗigon farin man ma'adinai sau ɗaya ko biyu a shekara. Akwai kuma wasu ƙananan tsutsotsin ƙwaro masu cin ƙaho da gashi, in ka ga gefen ƙota kamar an gatsa, su ne. Kada ka adana wuƙa cikin kuben fata, fata tana jan laima, tana kuma sa tagulla ta yi kore. Kada kuma ka jera su a buɗe rabi don ado, a nan sifirin ya fi ɗamewa. Ko a rufe ko a buɗe gaba ɗaya.

Tarawa kuwa, shawarata ka taƙaita. Wanda ya ce duk mai lanƙwasa zai saya, cikin shekara biyu zai cika akwati da tarkace. Zaɓi gari ɗaya, ko maƙeri ɗaya, ko zamani ɗaya, ka san shi ciki da bai, har ka iya gane na jabu daga hoto. Cikakken ruwa da tambari mai karantuwa a kan ƙota mai ɗan tabo ya fi kyakkyawar ƙota da ruwan da ya zama tsinke. Kalmar "an goge" a bayanin mai sayarwa rage daraja take, ba ƙari ba. Za ka kuma haɗu da wuƙaƙen auren ido, wato na dasa idon wata bishiya a ƙarƙashin ɓawon wata, masu siririyar ƙota fara da ake ɗaga ɓawo da ƙarshenta. Wasu ƙashi ne, wasu hauren giwa. Cinikin hauren tsakanin ƙasashe an hana shi ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai tun 1989, Birtaniya kuma ta ƙara tsaurara nata da dokar 2018, saboda haka kada ka yi odar irinsu daga wata ƙasa da sunan ai tsofaffi ne. In sabuwa kake so ta aiki tuƙuru, Tina ta Jamus da Victorinox ta Suwizalan har yanzu suna ƙera su.

Ka sayi ɗan littafi ka ba kowace wuƙa shafi: abin da aka buga a gindinta harafi da harafi, tsawonta a rufe, abin da aka yi ƙotar da shi, inda ta fito. Ukun nan ka fara da su tun da sauran waɗanda suka ga kawu yana aiki da su, ka tambaye su wacce ya fi sawa a aljihu. In ka samu dama, turo hoton gindin ruwan ta Sheffield ɗin gaba da baya, a hasken rana daga gefe, mu duba tare.